An Kawo Mini Ɗan Tsohuwa

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Allo ma iyakata surorin da nake salla da su. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ita na baro ƙauyenmu na gefen Dogo, ita ce ta riƙe ni a cikin Damagaram bayan rasuwar maigidana. Na binne miji, na binne uwa, na binne 'ya'ya tun suna goye. Wanda ban binne ba shi ne ɗan farina. Shi ɓata ya yi.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa faɗa ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa, ba ta yi masa wasa. Ranar da aka yaye shi uwata ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, can ƙarshen gari kusa da tsamiyar rijiya, tana cewa ta yi sabon miji. A hannunta ya tashi. In zancensa ya kama sai in ce ɗan tsohuwa, kowa ya san wanda nake nufi. Shi kuma da ya fara magana ya ji ƙannena suna ce mini Yaya, sai ya bi bakinsu. In muka haɗu a hanyar rijiya, in kau da kai gabas, shi ya kau yamma. Sai ya wuce nake waiwayawa. Haka uwata ta yi wa nata na fari. Ban ga laifi a ciki ba, har yau ban gani ba.

Ya fara zama saurayi, murya ta fara buɗewa, sai wata shekara da kaka, tsohuwa ta aike shi kasuwar mako da gyaɗa a kan jaki. Da la'asar jakin ya dawo shi kaɗai, mangala babu komai. Aka bi hanya, aka leƙa rijiyoyi, aka tambayi 'yan kasuwa. Wani ya ce ya gan shi yana shan fura. Wani ya ce ya gan shi kusa da wata babbar mota mai zuwa arewa. Wani ya ce ko kasuwar ma bai zo ba. Aka ba da cigiya a rediyo.

Ubansa yana ci-rani a lokacin, tsohuwa kuma ta kwanta, don haka ni da ƙanena muka je kai ƙara wurin jandarma, masu tsaro. Wanda ya karɓe mu ba mutumin ƙasar nan ba ne, Hausarsa ta koyo ce. Ya ce, "Sunan yaron?"

Na dubi ƙanena. Ƙanena ya faɗa.

"Ke nake tambaya, madam."

"Shi ma ya sani."

"Yaya kamanninsa?"

Na ce dogo ne, ƙeyarsa doguwa, in yana tafiya kafaɗarsa ta dama tana riga ta hagu.

"Fuska fa? Hanci, ido, tabo?"

Ya ajiye abin rubutunsa ya dube ni da kyau.

"Ke kika haife shi kuwa?"

"Ni na yi naƙudar."

Ban yi kuka a can ba, ban yi a gida ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, a ƙauye kuwa ko'ina gaban mutane ne. Tsohuwa ce ta yi kukan mu biyu, har ta rasu kafin wata kakar.

Shekaru suka wuce, sun haura goma. Maigida ya rasu, ƙanena ya tafi Kano bai ƙara waiwayo mu ba, na taho birni da autata. Ita ta yi lakwal, ta iya karatu, ta iya musu. Tana da salula, wayar hannu, a ciki akwai masu karanta labarai da murya. In muna murza tunkuza sai ta jingina ta da turmi ta kunna. Labaran da ta fi so iri ɗaya ne. Yarinya ko yaro mai tasowa ya fita bai dawo ba, sai wani mai bincike ya shigo gidan ya yi ta kallon fuskokin mutane har ya gano wanda ya yi ƙarya. Kullum akwai wanda ya sani. Wannan ne na kasa ganewa. Mu da namu ya ɓata babu wanda ya sani, sai jaki.

Wata rana ana cikin karanta wani, aka zo inda mai binciken ya ce uwar ba ta zubar da hawaye ba, don haka da ita za a fara. Auta ta dube ni tana dariya.

"Inna, da a cikin labarin nan ne, ke za a fara kamawa."

"Su zo. Sai su taya ni matsar mai."

Wata safiya da zafi, ina tsakiyar suya, mai unguwa ya aiko kirana. Na sauke kasko na tafi da mai a hannuna. A zaurensa na tarar da wani mutum zaune a kan tabarma, ramamme, gemu ya cika masa fuska, ya sa rigar sanyi a wannan zafin. Ƙafarsa ta hagu a karkace take, kamar ta taɓa karyewa aka bar ta ta haɗe da kanta.

Mai unguwa ya ce, "Iya, zauna. Wani direban babbar mota ne ya tsinto wannan bawan Allah a tashar Agadas. Ba ya magana sosai, hankalinsa ba cikakke ba ne. Abin da yake maimaitawa sunan ƙauyenku, da sunan mahaifiyarki, da wata tsamiya ta bakin rijiya. Direban ya kai shi ƙauyen, aka ce gidanku babu kowa, aka kwatanta masa nan."

Na ce, "To."

"Ki duba shi. In naki ne ki tafi da abinki. In ba naki ba ne, in miƙa shi kwamisariya wurin 'yan sanda, su kai shi likita, wato asibiti, wajen masu taɓin hankali."

Na dubi ƙafarsa, na dubi hannunsa. Mai unguwa ya kira shi da sunan ɗan tsohuwa, wanda mutanen ƙauye suka faɗa wa direba. Mutumin ya ɗaga kai. Sai mai unguwa ya kira shi da wani suna daban. Ya sake ɗaga kai.

"Kin ga matsalar. To, me kika ce?"

"Ban sani ba."

"Uwa ba ta rasa gane ɗanta, Iya."

"Uwarsa tana kabari. Ni haihuwarsa na yi."

Ya daɗe yana shafa gemu. Daga baya ya ce in tafi da shi ya zauna a zaurena zuwa Juma'a, bayan an sauko masallaci in zo in ba shi amsa guda. Muka taho. Ni a gaba, shi a baya yana jan ƙafa.

Auta tana ƙarama sosai lokacin da yayanta ya ɓata, ba ta tuna shi. Ta leƙa zaure ta dawo ta ja ni bayan ɗaki.

"Inna, ba shi ba ne."

"Kin san shi?"

"Ba sai na san shi ba. Haka suke yi. Ya haɗu da na gaskiyan a wani wuri, ko a ramin zinariya ko a hanya, suka zauna tare, ya ji labarin gida duka. Sunan kaka, sunan gari, tsamiya. Sannan ya taho a madadinsa."

"Don ya gaji me? Kaskon suya?"

"Wani ba don gado yake yi ba. Wani gida kawai yake nema. Ki tambayi kanki, ina ya baro na gaskiyan? Me ya yi masa?"

Na ce ta je ta tsame ƙuli kafin ya ƙone. Amma maganar ta zauna mini. Da na zuba tuwo na kai zaure, na ga mutum uku nake ba abinci a kwano ɗaya. Ko ɗana ne, ko wanda ya zauna da ɗana har ya haddace tsamiyarmu, ko wanda ya ga ƙarshensa da hannunsa. Ya ci da hannun dama, a hankali, ya suɗe kwanon. Dukansu ukun haka za su ci.

Auta ta shiga nata binciken. Ta ce a labaran ana ɗibar jini ko yawu a auna. Mai unguwa ya ce wannan sai Yamai babban birni ko ƙetare, ba aikin masu ƙuli ba ne. Ta dawo kan tabo.

"Inna, ba shi da wata alama a jiki?"

Na tuna ya taɓa faɗowa daga kan jaki yana ƙarami, ya karye a hannu, aka kai shi wurin maɗori.

"Wane hannu?"

"Ban sani ba."

"Ɗanki ya karye ba ki san hannun ba?"

"Kunu na dama na aika. Ba a zuwa duba ɗan fari."

Ta je ta ce masa ya naɗe hannun riga. Ya naɗe ba musu. Hannuwan biyu duk tabo ne, na ƙuna, na yanka, na abin da ban san sunansa ba. Maɗorin kuma ya daɗe da rasuwa.

Ta zauna a bakin zaure tana yi masa tambayoyi kamar mai binciken salularta. Ina jin su daga madafa.

"Malam, kakar nan da kake faɗa, me take sayarwa?"

Shiru.

"Jakinku wane launi ne?"

Shiru. Can ya ce, "Akwai tsamiya."

"Mun ji tsamiya. Kowane gari akwai tsamiya. Matar nan da ta kawo maka tuwo, me kake ce mata da?"

Ta dawo tana huci, tun daga tsakar gida take ɗaga murya.

"Kin gani? Ke kika ce Yaya yake ce miki, ga shi ko wannan bai sani ba."

Washegari na kai masa kunu. Na ajiye na juya, sai na ji daga bayana, a hankali, "Sannu, Yaya." Na daɗe a tsaye kafin na shiga gida. Na faɗa wa auta. Ta dafa kai.

"Ni na faɗa jiya da ƙarfi. Ya ji ni."

"Ko ya tuna."

"Ko ya ji ni, Inna."

Ta lalata shaidar da bakinta. Ta sani, na sani. Ba mu sake zancen ba.

Saura abu ɗaya da ni kaɗai na mallaka. Fuskarsa ban riƙe ba, amma bayansa na sani fiye da kowa, don shi na yi shekaru ina kallo a hanyar rijiya. Ran Alhamis na ba shi jarka na nuna masa famfon bakin layi. Ya ɗauka ya tafi. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsa daga baya.

Ƙeyar doguwa ce. Amma rabin mazan wajen Dogo haka ƙeyarsu take. Tsawon zai iya zama, yaro yana ƙara tsawo. Na jira kafaɗar dama ta riga ta hagu. Sai dai mutumin yana ɗingishi, duk jikinsa yana faɗawa hagu yana tashi, kafaɗun suna bin ƙafar. Tafiyar da na sani babu ita a jikinsa. Ko an karya ta tare da ƙafar, ko dama ba tasa ba ce. Ya dawo da ruwan ya ajiye a bakin madafa, bai zubar da ko ɗigo ba.

Na yi tunanin abin da za a yi masa in na ce ba nawa ba ne. Na taɓa kai wa wata maƙwabciya abinci a wancan sashen na likita. Na ga mutanen da babu mai zuwa dubansu. Na kuma yi tunanin auta, budurwa, a gida ɗaya da namijin da ban san abin da hannunsa ya taɓa yi ba. Ita ta riga ta kwashe wuƙaƙe ta kai ɗakinta.

Ran Juma'a da hantsi na ce bari in yi abin da ban taɓa yi ba. Lissafina mai sauƙi ne. Ni mai sana'a ce, kullum ina kallon maza ido cikin ido, masu saye da masu neman ragi, ba na jin komai. In baƙo ne zan kalle shi kamar kowa. Na ɗauki kwaryar gyaɗa na shiga zaure na zauna a gabansa, kusa, har ina jin warin rigar sanyin. Na fara daga ƙafa. Na hau gwiwa, na hau ƙirji, na kai gemu. A nan wuyana ya ƙi. Na matsa masa, ya ƙi. Kaina ya juya da kansa wajen ƙofa. Da na saci kallo ta gefen ido, shi ma ya juya fuskarsa ga bango, ya ja jikinsa baya. Muka zauna haka, ni gabas shi yamma, gyaɗa a tsakaninmu.

Auta tana tsaye a bakin ƙofar ciki, ta ga komai. Da na shigo ta ce, "Kin gani? Maƙaryaci ba ya haɗa ido."

"Ɗan fari ma ba ya haɗawa."

"Mahaukaci ma ba ya haɗawa."

"Ni fa? Ni ma na kasa."

"Wannan ke ce, Inna, ba shi ba ne. Tun da aka ce miki wataƙila shi ne wuyanki ya riƙe. Ko buhun gero aka ajiye a wurin aka ce shi ne, ba za ki kalla ba."

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

Da aka sauko masallaci muka tafi wurin mai unguwa, mu uku. Ya sa mutumin ya zauna can gefe, fuskarsa a bango.

"To, Iya. Naki ne?"

"A bar shi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Shi nake da shi."

"In na bar shi a hannunki, duk abin da ya faru a wuyanki yake. Kina da budurwa a gida." Ya dubi auta, ya dawo kaina. "Ga shawara. Mu mun kira shi, yana amsa kowane suna. Ke kira shi. Muryar wadda ta haife shi daban ce. Ki faɗi sunan sau ɗaya mu ga yadda zai yi. Babu kowa a nan sai mu."

Auta ta ce, "Ki kira, Inna. Sau ɗaya."

Sunan yana nan a bakina, inda yake tun ranar suna. Na jiƙa leɓe. Na ji shi ya taso har maƙogwaro. Na ga in na faɗa bai waiwayo ba, na rasa shi a gaban mutane karo na biyu. In ya waiwayo, to, kowane suna ma yana waiwayowa. Kuma muryata ba ta taɓa ɗaukar sunan nan ba, ko shi ne, a ina zai san ta da shi?

Na ce, "Kai. Tashi mu tafi."

Ya tashi.

Mai unguwa ya ce, "Wannan ba shaida ba ce, Iya."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallona irin kallon jandarman nan. Sannan ya ce Allah ya sa alheri, in na ga wani abu da ban gane ba in aiko. Na ce tun ranar da aka kawo shi ban ga abin da na gane ba. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Yana nan har yau. Na sa an yi wa zaure ƙofa, auta kuma ta sa wa ɗakinta sakata biyu, ban hana ta ba. Ya cire rigar sanyin da kansa bayan wani lokaci, wanzami ya zo ya aske gemun. Auta ta ce yana kama da ni ta wajen hanci, wata rana kuma ta ce sam babu kama. Maƙwabta sun rabu biyu. Wata mata daga ƙauyenmu ta zo sayen mai, ta leƙa shi ta ce wallahi shi ne, ta fita ta gaya wa maƙwabciyata wallahi ba shi ba ne. Shi yake ɗebo ruwa, shi yake kai gyaɗa inji, ya iya ɓare ta da sauri irin na wanda ya tashi a cikinta. Amma duk ƙasar nan a cikin gyaɗa aka tashi. In mai saye ya tambaye ni wane ne wancan, sai in ce ɗan tsohuwa. Tsohuwar ba ta nan balle ta musa.

Auta ta daina kunna labaranta a fili, da abin kunne take ji. Kwanan baya muna murza tunkuza na ga ta cire shi ta yi tsaki. Na ce me ya faru. Ta ce wani labari ne ya ƙare, na wani yaro da ya ɓata ya dawo bayan shekaru.

"Shi ne?"

"Ba shi ba ne. Mai binciken ya gano shi, aka tafi da shi."

"Uwar fa? Me ta yi bayan an tafi da shi?"

Ta ɗan yi tunani, ta duba salular.

"Ba a faɗa ba. A nan aka tsaya."

Na ce ta miƙo matsami, ƙulin ya yi ja. Daga zaure ina jin ƙarar ɓawon gyaɗa yana faɗawa cikin kwarya.